Filafilin da Ba Wanda Ya Karɓa

Ku gyara zama, manya da yara. Labarin yau ba na dariya ba ne, kuma in na kai ƙarshe ku ne za ku yanke hukunci. Sarauta ma tana mutuwa kamar yadda mutum yake mutuwa. An ce har a Ingila akwai sarautun gado da ake binnewa tare da mai su na ƙarshe, in bai bar ɗa namiji ba. To, wadda zan ba ku labarinta ta mutu ne alhali magadanta uku suna zaune a gabanta, lafiyarsu ƙalau.

A bakin Gulbin Kyarma akwai wani gari da ake kira Kwatar Gawo. Tun zamanin yaƙe-yaƙe wani sarki ya taho a guje da jama'arsa, abokan gaba na biye da shi, ya tarar gulbi ya cika ya batse. Masu fito duk sun ɓoye jiragensu don tsoro, sai mutum ɗaya, wani masunci mai suna Gagare. Shi ya yini yana kai da kawowa har ya ƙetarar da su kaf, bai rasa ko akuya ba. Da al'amura suka lafa sarki ya koma gadonsa, ya aika aka kira Gagare ya naɗa masa rawani. Ya ce daga ranar shi ne Sarkin Jirgi, kuma sarautar ta gidansa ce, daga uba sai ɗan cikinsa, ba ta zuwa ga ƙane, ba ta bin ɗiya mace. Ya sa aka ɗaura wa filafilin da ya yi tuƙin da shi zobban tagulla, ya zama shi ne alamar sarautar.

Bayan Gagare aka yi ɗansa, wanda ya sassaƙa babban jirgin da ke ɗaukar har shanu. Aka yi jikansa, mafaɗaci, wanda ba ya shiri da kowa amma bai taɓa barin matafiyi ya kwana a wancan ƙetare ba. Aka yi wani da damina ɗaya kawai ya yi a kai zazzaɓi ya ɗauke shi, har sunansa ya ɓace wa mutane. Haka aka yi ta miƙawa har ta iso ga Jatau, na bakwai. Duk tsawon wannan zamani ba a taɓa rasa rai a jirgin gidan ba, shi ya sa maroƙa ke yi musu kirari da cewa: ruwa ya ci gona, ya ci gida, bai ci baƙon Gagare ba.

Jatau mutum ne dogo, mai ƙarancin magana, wanda ya san gulbin nan kamar tsakar gidansa. Yana da 'ya'ya maza uku. Arzika shi ne ɗan fari, wanda saboda kunyar ɗan fari uban ko sunansa ba ya kamawa, sai dai ya ce “kai babba”. Sai Cindo, mai hannu da dabara, wanda ba ya zama banza. Sai autansu Tunau, wanda aka haifa bayan an fid da rai, shi kaɗai ke iya wasa da uban har ya ga haƙoransa.

Da Jatau ya tsufa, sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Da fari kamar hayaƙi yake gani a wancan ƙetare, daga baya fuskokin mutane suka koma inuwa, daga baya inuwar ma ta tafi, ya rage haske da duhu kawai yake bambantawa. Bai gaya wa kowa ba. Ya sha yin niyyar kiran 'ya'yansa ya miƙa sarauta, amma da ya tuna ubansa da kakansa duk da filafili a hannu suka mutu, sai bakinsa ya yi nauyi. Yakan hango kansa ana jansa da sanda ta tsakiyar kwata, mutanen da ya ƙetarar tun suna goye suna cewa Allah sarki, sai ya ji gara mutuwa da wannan. Ya ce a ransa, bana kaɗai, baɗi sai in sauka.

Ya kuwa iya ɓoyewa, ko kuma haka ya zata. Yana gane mutane da muryarsu, yana gane hanya da ƙafarsa. In ya fito zuwa masallaci sai ya ji takun Arzika a gabansa yana ɗan gyaran murya a kowace kwana, ya bi sautin. In baƙo ya yi sallama a zaure sai ya ji Cindo ya riga kowa amsawa da ƙarfi, yana kiran sunan baƙon da na garinsu. In ya miƙa hannu neman buta ko akushi, nan inda ya zata nan zai same su, domin Tunau ke ajiyewa. Jatau ya ɗauka duk sa'a ce da iyawarsa, har yana gode wa Allah da ya rufa masa asiri a gaban 'ya'yansa.

Al'adar garin ita ce, duk shekarar da gulbi ya kawo, fiton farko na ranar kasuwa Sarkin Jirgi ne da kansa zai zauna a bayan babban jirgi ya riƙe filafilin gado. A shekarar da nake ba ku labari ruwa ya zo da ƙarfin da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Ranar kasuwa da hantsi Jatau ya sa babbar riga, ya naɗa rawani, ya sauka kwata. Arzika ya shiga ya tsaya a goshin jirgi. Cindo ya ce shi zai je duba komarsa ta kamun kifi, ya ɗauki ƙaramin kwalekwale. Tunau kuwa ya kwanta a ɗaki ya ce kansa ke ciwo.

Jirgi ya cika da 'yan kasuwa, mata da ƙorensu, maza da tabarmi da awaki. A cikinsu akwai Marka mai daddawa, matar Shekarau masaƙi, uwar 'ya'ya huɗu. Ita ce ta ƙarshen shiga, ta zauna kusa da tsohon tana haki, ta gaishe shi cikin raha.

Ta ce, “Ranka ya daɗe, tun da kai ne da tuƙi yau, ai ko barci ma sai mu yi.”

Jatau ya yi murmushi, ya tura jirgi. Ya bi hanyar da ya bi shekara da shekaru, yana sauraron ruwa, yana jin inda ya ja da inda ya saki a jikin filafili. Abin da bai sani ba shi ne ambaliya ta tuge wata ƙatuwar ƙirya daga can sama, ta kawo ta ta maƙale a tsakiyar hanyar, rassanta na leƙowa saman ruwa. Duk mai ido ya gan ta tun daga nesa, amma kowa ya kwantar da hankalinsa, tun da Sarkin Jirgi ma ai yana gani. Arzika ya gan ta. Da ya yi ihu ya ce ga itace, da kowa ya gane uban ba ya gani. Sai ya sassauta murya ya ce, “Baba, a ɗan yi dama.” Jatau ya ji zafin a ce ɗansa na koya masa tuƙi a gaban mata, ya ƙi juya filafili. Kafin Arzika ya sake buɗe baki jirgi ya hau itacen, ya karkata, ya kife.

Abin da ya biyo baya Jatau bai gani ba, daga baya ne ya tsince shi ɗaya bayan ɗaya a bakin mutane.

Arzika ya nutsa neman ubansa. Babbar riga ta naɗe tsohon a cikin rassan ƙirya ƙarƙashin jirgi, ruwa na jansa ƙasa. A kan hanyarsa wani hannu ya cafki kafaɗar Arzika, ya waiga ya ga Marka ce. Numfashi ɗaya gare shi, mutum ɗaya zai iya ɗauka. Ya ɓamɓare yatsunta ya wuce. Ya yage rigar da haƙori da hannu, ya fito da uban, ya ja shi har gaɓa, ya yi ta danna cikinsa har ya amayar da ruwa ya yi tari. Ba don Arzika ba, da Jatau ya mutu a ranar.

Cindo kuwa ashe ba wajen koma ya je ba. Yana biye da babban jirgi daga ɗan nesa, kwalekwalensa cike da igiyoyi da manyan goruna da ya kwana biyu yana tarawa a ɓoye. Jirgi na kifewa ya iso, ya yi ta jefa goruna, ya yi ta jawo mutane da igiya, ya kai wasu gaɓa ya dawo, ya sake kaiwa ya dawo, har fatar tafin hannunsa ta saɓule. Mutum ashirin ya tsamo, har da jariri da ya kamo ta zanen goyo. Ba don Cindo ba, da kusan kowane gida a Kwatar Gawo an yi zaman makoki.

Da aka taru a gaɓa aka duba, kowa ya fito sai Marka. Tunau ya ji kururuwa ya fito a guje, ba ciwon kai ba alamarsa. Bai tsaya tambayar kowa ba ya bi bakin gulbi ya yi ƙasa. Sauran masu nema suka gaji suka dawo, shi bai dawo ba. Ya yi kwanaki yana kutsawa cikin ciyayi da laka, sauro na cinsa, ƙafafunsa suka kumbura, har ya same ta can ƙasa da wata tungar masunta, maƙale a saiwar itace. Ya lulluɓe ta da rigarsa, ya ɗauko ta ya kawo wa mijinta, aka yi mata sutura aka binne ta kamar kowane Musulmi. Ba don Tunau ba, da 'ya'yanta ba su san inda kabarin uwarsu yake ba.

Amma kafin ya dawo, gari ya riga ya sama wa kansa bayani. Mutane ba su iya yarda cewa Sarkin Jirgi ya yi kuskure ba, don haka suka ce ruwa ba ya cin baƙon Gagare sai mai laifi. Aka fara raɗa cewa Marka ta ci amanar aure ne, shi ya sa gulbi ya zaɓe ta ita kaɗai, har ta so ta ja sauran. Magana ta fita daga bakin rijiya ta shiga kasuwa. Shekarau ya daina zama a bakin masaƙarsa, babbar 'yarsa wadda aka sa wa rana aka fara jan ƙafa da maganar aurenta. Jatau yana kwance a ɗaki yana jin duk wannan ta bakin masu zuwa dubiya, suna ma faɗa masa ne don su kwantar masa da hankali. Kowace rana yakan ce gobe zai yi magana, gobe ta zo harshensa ya ƙi ɗaguwa.

Hakimi ya kira taro don a ji yadda aka yi. Aka zaunar da Jatau a gaba, 'ya'yansa a bayansa. Dattawa suka yi ta kewaye-kewaye, wannan ya ce ƙaddara, wancan ya ce abin da aka shuka shi ke tsirowa, kowa ya san da wa yake. Ana shirin tashi sai Jatau ya ji motsi a bayansa, ya ji muryar autansa.

Tunau ya ce, “Ranka ya daɗe, Marka ba ta da laifin komai. Babanmu ba ya gani. Ya fi shekara biyu ba ya gani, kuma mu uku duk mun sani.”

Hakimi ya tambayi tsohon a hankali ko gaskiya ne.

Jatau ya ce, “Ranka ya daɗe, kai ɗin ma muryarka kawai nake ji.”

Ba tonon asirin ne ya fi yi masa ciwo ba, kalmar nan ce ta “mun sani”. A nan zaune ya gane gyaran muryar Arzika, da ihun sallamar Cindo, da butar da ba ta taɓa canza wuri ba. Ashe shekara biyu 'ya'yansa ke jansa kamar makaho a gaban gari, shi yana taƙama. Kuma ashe kwarjininsa ne ya rufe musu baki har mace ta mutu. Ya ji Shekarau masaƙi ya fashe da kuka a can gefe, kukan mutumin da aka mayar wa matarsa mutuncinta bayan ta shiga ƙasa. Jatau ya sa hannu ya warware rawaninsa da kansa, ya ɗora a cinya, ya roƙi a kai shi gida. A karon farko ya kama kafaɗar wani a bainar jama'a.

Hakimi bai tuɓe gidan ba. Ya ce alherin kakanni shida ba ya nutsewa a rana ɗaya, sai dai dole tsohon ya sauka. Dattawa suka tuna masa sharaɗin da aka gada tun daga Gagare: sai mai sarauta ya miƙa filafilin da hannunsa, yana raye, ɗansa ya karɓa da hannunsa. In ya mutu ba a karɓa ba, sarauta ta bi shi. Aka ce to, abu mai sauƙi, ga 'ya'ya har uku.

Aka fara da Arzika, tun da shi ne babba, kuma shi ya ceci mai miƙawar. Ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da ba wanda ya sani sai shi, cewa Marka ta riƙe shi ya ɓamɓare ta. Ya ce har yanzu yana jin yatsunta a kafaɗarsa. Ya ce Sarkin Jirgi na baƙo ne kafin ya zama na gidansa, shi kuwa an gwada shi ya zaɓi nasa. Ya ƙara da cewa shi ne a goshin jirgi, ya ga itace, ya zaɓi rufa wa ubansa asiri a kan ran mutane. Ya ce a ba Cindo.

Aka juya ga Cindo, wanda rabin gari ke yi wa addu'a. Ya ce su daina yabonsa. Mutumin da ya tara goruna da igiya ya san jirgi zai iya kifewa, kuma ya tsaya yana kallon mata da jarirai suna shiga bai ce uffan ba. Ya ce ya ga yin magana aikin yayansa ne, shi ya zaɓi abin da ya fi masa sauƙi, ya shirya wa masifa maimakon ya hana ta. In an naɗa shi, kullum ya ji an ce ya ceci ashirin sai ya tuna kalma ɗaya da ta ceci ashirin da ɗaya. Ya ce a ba Tunau.

Aka zo kan Tunau, wanda ya faɗi gaskiya. Ya ce shi ne mafi ragwanta a cikinsu, domin yayyensa ko ba komai sun shiga ruwa, shi kuwa ya ja bargo don kada ya gani, alhali shi kaɗai ne uban zai iya saurara da ya matsa. Kuma da bakinsa ya kwance wa mahaifinsa rawani a gaban jama'a. In rawanin nan ya hau kansa, har jikokinsa za a riƙa cewa da abin da ya sayi sarauta ke nan. Ya ce a mayar wa Arzika.

Haka magana ta yi ta zagaye. Liman ya je, hakimi ya aika, gwaggonninsu suka yi kuka suka yi faɗa, ba wanda ya motsa. Ba gaba suke yi da juna ba. Arzika ya koma gona, duk kaka yana kai wa gidan Shekarau dawa ya ajiye a ƙofa ba tare da ya yi sallama ba. Cindo ya ci gaba da fito da ƙaramin kwalekwalensa kamar kowane mai fito, ya hana maroƙa yi masa kirarin gidan. Tunau ya zama shi ke jan uban da sanda, yana yi masa wanka da aski, amma wasan da ke tsakaninsu ya ƙare, ba don fushi ba, sai don kowannensu ba ya iya ɗaga kai gaban ɗan'uwansa.

Jatau bai ƙara sauka kwata ba. Ya sa aka kai shi gidan Shekarau ya durƙusa ya nemi gafara, masaƙin ya ce ya yafe, amma tsohon ya dawo ba abin da ya ragu a ƙirjinsa. Yana ganin ya ɓata sunan mutum shida da suka gabace shi, ya kuma ɗora wa ukun da ke bayansa kayan da ba nasu ba. Da damina ta zagayo ciwo ya kwantar da shi. Wata rana bayan la'asar ya ji jikinsa ya yi sanyi, ya sa aka kira 'ya'yan da liman da dattawa biyu, ya ce a ɗauko filafilin.

Aka sa masa a hannu. Ya shafa zobban tagullar, ya tattara sauran ƙarfinsa ya ɗaga shi ya miƙa wajen da yake jin numfashinsu.

Ya ce, “Laifin nawa ne, ba naku ba. Ban ce wane ba. Ko wanne ne, ya karɓa.”

Yana jin su su uku a durƙushe, kusa da shi har yana jin ɗumin jikinsu. Ya ji wani ya ja numfashi kamar zai yi magana ya fasa. Ya ji tabarma ta motsa, ta sake yin shiru. Kowannensu yana jiran ɗan'uwansa, kowannensu yana ganin hannunsa ne mafi ƙazanta. Liman ya ce, “Ku ji tsoron Allah, 'ya'yan nan,” amma liman ba shi da ikon taɓa filafilin. Jatau ya riƙe iyakar riƙonsa. Daga nan hannun ya sauka a hankali, filafilin ya kwanta a ƙirjinsa, aka yi salati.

Bayan sadakar bakwai hakimi ya sanar cewa sarautar Sarkin Jirgin Kwatar Gawo ta ƙare a kan na bakwai, ba za a sake naɗawa ba. Har yau in an zauna a garin ana taƙaddama. Wasu su ce Arzika, domin shi ne babba, kuma wane ɗa ne zai wuce ya bar ubansa a cikin ruwa? Wasu su ce Cindo, domin rayukan da ya tsamo suna nan suna haihuwa. Wasu su ce Tunau, domin shi ya fifita mutuncin matar da ba ta da mai tsaya mata a kan sunan gidansu. Masu musu kuma su jawo wa kowanne laifin da ya faɗa da bakinsa.

To, ku da kuka ji abin da kowa ya yi da abin da kowa ya kasa yi, wane ne a cikin ukun nan ya kamata ya miƙa hannu ya karɓa?